Ruwan Da Ba Ya Tafasa

Ƙodata ta hagu na ba Fintan. Ina ambaton hagu ne saboda mutanen ƙauyenmu, Toberlea, sun fi son su ce "Nuala ta ba ƙanenta ƙoda" kamar wadda ta ara masa laima, alhali ni na san wacce ce, na san inda aka yanka, har yau kuma idan sanyi ya shigo wurin yakan yi mini tsami. Ban yi don a yabe ni ba. Gajiya na yi da ganin ƙato kamar Fintan, wanda da can yake saɓa maraƙi a kafaɗa ya hau tudu da shi, yana dawowa daga wankin ƙoda fuskarsa kamar toka, ko takalminsa ba ya iya cirewa.

Ranar da za a sallame mu daga babban asibiti, likitarsa, wata doguwar mace mai suna Hession, ta zaunar da mu, ni da shi da mahaifiyarmu, ta yi mana karatu. Ta ce jikin Fintan ba zai taɓa daina kallon ƙodar a matsayin baƙuwa ba, don haka muddin ransa zai riƙa shan magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki. Wanda aka kwantar wa da garkuwa kuwa, abin da zai sa wani 'yar gudawa ya warke, shi yana iya kai shi kushewa. Ta lissafo abubuwa da yawa, amma biyu ta fi nanatawa saboda ta san irin ƙasarmu: kada ya taɓa maruƙa, kada ya sha ruwan da ba a tafasa ba. Ƙasar yankinmu ba ta da kauri, ƙarƙashinta dutse ne mai ramuka kamar soso, abin da saniya ta zubar a gona da safe yana iya isa rijiyar wani kafin yamma. Ta faɗi wani dogon suna na cuta.

"Kirifto?" in ji Fintan. "Ai tsohon abokinmu ne, shi ke sa maruƙa zawo."

"Shi ne," ta ce. "Kuma maganin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya yi masa komai, kwanso gare shi. Wuta kaɗai yake tsoro. A tafasa komai, har ruwan wanke baki."

Mami ta karɓi maganar kamar daga bakin Fada, limamin cocinmu, ta fito. Ta kusa tamanin a lokacin, ga sanyin ƙashi, amma ta sa aka sayo butar dafa ruwa ta biyu, ta zubar da duk ƙanƙarar da ke firji, latas ma da tafasasshen ruwa take wanke shi har ya yi laushi kamar tsumma. Ni da nake girki a otel, nake taƙamar sanin tsabta, sai da ta fi ni zafi. Na saki ɗakin da nake haya a gari na dawo gida don in sa ido, na tarar ba a bar mini aikin yi ba.

"Saura ni ku jefa a tukunya," Fintan yakan ce. "Mami na dama, Sajan na hagu. Fursuna ma ana barinsa ya sha iska."

Sajan ni ce. Tun muna yara yake kirana haka.

Gidanmu a gindin tudu yake. Saman tudun gonarmu ce, gonar sama, a ƙasanta kuma inda dutse ya tsage, nan Rijiyar Waliyyi take. Ba rijiyar guga ba ce, ɗan kwarmi ne da aka kewaye da duwatsu, mutum ya durƙusa ya ɗiba da kofi, ga wata tsohuwar bishiyar ƙaya a kanta cike da tsummokara. Mai nema wa wani lafiya yakan yago ƙyalle daga tufafin mara lafiyar ya ɗaura a reshe, ya zagaya rijiyar ba takalmi yana jan carbi. Tun muna ƙanana aka faɗa mana ruwanta ba ya tafasa. Wai wata baƙuwar amarya ta taɓa ɗora shi a wuta don shayi, ta ƙone makamashin hunturu guda, ta tsoma yatsa ta ji shi da sanyi kamar yanzu aka ɗebo, rijiyar kuma ta yi fushi ta ƙafe shekara da shekaru. Akwai kuma babban maganin, na kakanninmu: kurɓi uku kowace safiya kafin a karya kumallo, mai bayarwa da mai sha duk su kama bakinsu har sai lafiya ta zauna, don idan magana ta fita maganin ya karye. Na ɗauka wannan ya bi kakarmu kabari.

Mami ta so ta ba da tata ƙodar. Ta tsaya gaban likitoci da jakarta a hannu ta ce a gwada ta, suka yi mata murmushi suka ce shekarunta sun wuce. Ranar da aka shiga da mu biyu ɗakin tiyata ba ta zauna a asibiti ba, tana can tana zagaya rijiya cikin ruwan sama, ba takalmi.

Shekarar farko ta yi kyau, kyau har yana ba ni tsoro. Fintan ya murmure, ya koma cin dankali da man shanu kamar mai ramuwar gayya, wuyansa ya cika. Ya koma zuwa kallon wasan ƙwallo na ƙauye yana yi wa alƙalin wasa ihu. Watarana na jiyo shi yana fito a bayan gida yana gyaran shinge, na tsaya da kwanon wanke-wanke a hannu na yi kuka ni kaɗai, don rabon da in ji fitonsa har na manta.

Da bazara ta shigo, wata yamma na dawo daga aiki na hangi motar ɗaukar dabbobi tana saukowa daga gonar sama. Na same shi a ƙofar gida yana ta murmushi.

"Me na gani?"

"'Yan maruƙa ne. Kaɗan. Na same su da araha."

"Fintan, kana da hankali kuwa? Me likita ta ce maka?"

"Ta ce kada in taɓa. Ba ta ce kada in mallaka ba. Malachy zai kula da su, mu raba riba. Ni nawa ido."

"Na san idonka, ai hannu gare shi."

"Haba Sajan. Laifin ƙodarki ne, tun da aka sa mini ita na zama mai taurin kai." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya sassauta murya. "Nuala, manomin da ba shi da dabba ai maigadi ne. Shekara nawa ina kallon gonar nan tana zama jeji? Ki bar ni in ji ni ma mutum ne."

Na bar shi. Malachy maƙwabcinmu ne, tuzuru mai ƙarancin magana, kuma na sa ya rantse mini cewa ko igiya ba zai bar Fintan ya riƙe ba.

Aka yi ruwa a watan nan kamar an ɓarke sama, ya ƙi tsayawa, hanyoyi suka zama rafi. Bayan ya ɗauke ne Fintan ya fara. Da fari ya ce kifin da na kawo daga otel ne. Sai abin ya zama ba tsayawa, ruwa zalla, yana fitowa daga banɗaki yana komawa, har ya daina komawa gado, ya shimfiɗa bargo a ƙofar banɗakin. Idanunsa suka faɗa, laɓɓansa suka bushe.

"Ka taɓa su," na ce.

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa su, Fintan! Na ba ka abin da ba ni da na biyunsa a ajiye, ka je ka sayar da shi don shafa bayan maraƙi?"

"Na rantse da kabarin Baba, ban taɓa ba."

Na hau tudu na sami Malachy yana ɗura wa wani maraƙi ruwan gishiri da kwalba. Wurin duk ya ɓaci da zawo, rawaya-rawaya, wari har maƙogwaro.

"Ko ƙyauren gonar bai dafa ba," in ji shi. "Daga cikin mota yake leƙensu kamar saurayin da aka hana shiga gidan surukai. Su dai kam suna da shi, biyu sun mutu. Amma shi, a'a."

Ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a gidanmu babu ɗigon da ke shiga bakinsa bai bi ta buta ba.

Aka kwantar da shi a babban asibiti, aka sa masa ƙarin ruwa hannu biyu. Gwaji ya fito, kirifto ne. Aka zo aka ɗebi ruwan famfonmu, aka ce lafiyarsa lau. Likita Hession ta kira ni wani ɗan ɗaki, ta rufe ƙofa, ta yi mini magana ba ɓoye-ɓoye.

"Ba mu da maganin da ke kashe wannan abin yadda ya kamata. Akwai wanda muke ba shi, amma taimako ne kawai. Garkuwar jikin mutum ce ke korarsa, mu kuma mun kwantar da tasa da gangan."

"To ku tayar da ita mana."

"Idan muka tayar da ita, ba cutar kaɗai za ta gani ba. Za ta ga ƙodarki."

"Idan kuma kuka bar ta a kwance?"

"Gudawar za ta ci gaba. Ruwan da yake zubarwa ya fi wanda muke sa masa, ƙodar na shan wahala ko ta nan. Daga baya kuma ba ƙoda za mu riƙa magana a kai ba."

Gaba kura, baya siyaki. Ta ce za su rage maganin kaɗan-kaɗan, su lallaɓa, ko Allah zai sa a tsira da duka biyun. Na koma na zauna gefen gadonsa ina kallon jakar fitsarin da ke rataye, ina yi mata addu'a kamar wata jaririya. Duk ɗigon da ya sauka a cikinta nawa ne, na sani, kuma kullum raguwa yake.

Mami takan hau motar farko kowace safiya ta je wurinsa, ni kuma in je da yamma bayan na tashi daga aiki. Tun muna gida haka tsarin yake, ina fita da sassafe don girkin karin kumallon baƙi, safiya tasu ce su biyu. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, sai ya yi kamar zai samu sauƙi, sai abin ya dawo sabo. "Kamar ana ƙara masa," wata nas ta ce da ni, tana gyara masa matashi.

Wata safiya injin wutar ɗakin girkin otel ɗinmu ya lalace, aka sallame mu. Na wuce asibiti kai tsaye. An ja labule a gadonsa. Na ɗaga.

Mami na tsaye a kansa, hannu ɗaya ta tallafe masa ƙeya, ɗayan kuma tana riƙe da murfin kwalba a bakinsa. Leɓunanta na motsi ba sauti. A kan gadon, kusa da jakarta, ga 'yar kwalbar lemo da aka ɓare wa takarda, rabinta ruwa. Ƙasan doguwar rigarta a jiƙe yake da raɓa, da ɗan ganyen ƙaya maƙale a jikin safarta.

Ban buƙaci tambaya ba, amma na yi.

"Mami, mene ne wannan?"

Ta ɗora yatsa a kan bakinta, idanunta suka cika da tsoro, ba tsoron an kama ta ba, tsoron kada in yi magana.

"Na rijiya ne? Mami, na rijiya ne kike ba shi?"

"Nuala!" Ta yi kamar na mare ta. "Kin faɗa. Wayyo Allah, kin faɗa."

"Tun yaushe?"

"Sajan, bari," Fintan ya ce, da murya kamar ta cikin rami.

"Na ce tun yaushe?"

"Tun ranar da ya dawo gida," in ji Mami. "Kowace safiya, ban taɓa fashi ba. Wa kike tsammani ya sa ƙodar ta zauna? Fiye da shekara yana sha, ba abin da ya same shi sai ƙiba. Da ya kwanta kuwa na ga ai yanzu ya fi buƙata."

"An ce a tafasa komai! Kina zaune aka faɗa!"

"Na tafasa komai. Ki tambayi Allah, na tafasa komai. Amma wannan wa ya taɓa tafasa shi? So kike rijiya ta ƙafe a kaina?"

Ta nan kam tana da gaskiya. A Toberlea ba wanda ke lissafa Rijiyar Waliyyi cikin ruwan sha, kamar yadda ba a lissafa gurasar coci cikin abinci. Likita ta tambaye mu famfo, ta tambaye mu tanki, ta tambaye mu ko ya yi iyo a tabki, babu wanda ya tuna mata da kwarmin da ke kwance daidai ƙarƙashin gonar sama, inda maruƙa ke zawo ruwan sama yana wanke shi cikin dutse. Shekarar farko gonar ba dabba, ruwan bai yi masa komai ba. Shi da kansa ya sayo cutar ya kai ta saman tudu, uwarsa ta ɗebo ta a gindin tudu ta kai masa har baki.

Na ɗauke kwalbar. Na zuba wa nas rabi don a gwada, sauran na sa a aljihu. Muka hau motar komawa gida ni da Mami. Muna shiga na juye ruwan a ƙaramar tukunya na ɗora a wuta.

"Nuala, kada ki yi. Don girman Allah."

"Zauna ki gani."

Ba ta zauna ba, ta tsaya ta dafe tebur da hannu biyu. Raina a ɓace yake har ina jin ɗacinsa a harshe, so nake ta gani da idonta, gani ya kori ji. Ba a jima ba ƙananan kumfa suka fara tasowa daga gindin tukunyar, sannan ya ɓararraka, tururi ya tashi kamar na kowane ruwa.

"Ga shi nan. Ya tafasa ko bai tafasa ba?"

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Na zaci za ta faɗi, har na matso in tare ta. Sai ta girgiza kai a hankali.

"Dole ya tafasa," ta ce. "Waliyyi ya fita daga cikinsa tun da kika buɗe baki a asibiti. Ruwan banza kika dafa."

Ta juya ta shige ɗakinta. Na kashe wutar na zauna, ban san ko dariya zan yi ko ihu ba.

Washegari da yamma na sami Fintan shi kaɗai. Na ja kujera, na ce ba faɗa na zo yi ba, so nake in ji.

"Kai manomi ne. Ka san inda ruwan gonar sama yake bi. Ba ka taɓa tunani ba?"

Ya ce, "Sau ɗaya ya zo mini, da Malachy ya ce sun fara zawo. Na ce ai kurɓi uku ne kawai, cikin murfin kwalba."

"Sai ka yi shiru."

"Nuala, ke kin ba ni ƙoda. Duk garin nan an sani, Fada ma ya ambace ki a coci. Ita me za ta ba ni? Ta je da jakarta ta ce a yanka ta, aka yi mata dariya. Wannan kaɗai take da shi. Kin taɓa ganin fuskarta idan ta dawo daga rijiya da safe, ƙafafu sun yi jajir don sanyi? Ke za ki iya ture hannunta?"

"Zan iya."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa ba a faɗa miki ba."

Gwajin kwalbar ya dawo, cutar na ciki maƙil. Amma ihu ne bayan hari. Jikinsa ya riga ya yi nisa, lallaɓawar da likita ke yi ba ta ƙara yiwuwa, dole aka janye kusan duk magungunan don a ceci ransa. Garkuwar ta farka, ta yi aikinta. Gudawar ta fara raguwa, ya fara riƙe shayi da busasshen burodi, nas-nas suna ta murna. Jakar da ke gefen gado kuwa ta tafi tana bushewa. Sai zazzaɓi, sai gefen cikinsa ya kumbura ya yi zafi, ko zanen gado ba ya son ya taɓa wurin. Suka yi iya yinsu. Wata ranar Talata aka sake shiga da shi ɗakin tiyata aka ciro ƙodar.

Na tambayi wani ma'aikaci ina ake kai irinta. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce ana ƙonawa tare da sauran sharar asibiti. Na gode masa. Na fita wurin ajiye motoci na zauna a kan dakali, hannuna a kan tabona, ban iya kuka ba ma.

Likita Hession ta ce za a mayar da sunansa layin masu jira, amma kada mu sa rai sosai. Jikin da ya taɓa korar ƙoda ɗaya ya koyi faɗa, samun wadda zai yarda da ita yanzu sai an dace ƙwarai. Ni kuma ba ni da wata.

Fintan ya dawo gida, ya koma wankin ƙoda. Malachy ya sayar da maruƙan da suka rage, gonar sama ta koma jeji. Wannan karon abin ya fi na da muni, don ba ya fitsari ko kaɗan, duk abin da ya sha a jikinsa yake zama, don haka an ƙayyade masa abin sha, wuni guda bai fi cikin kofin shayi biyu ba, har da miya, har da ruwan haɗiyar magani. Mutumin da ruwa ya kayar, ga shi da ƙishirwa dare da rana. Nakan daskarar masa da tafasasshen ruwa ƙanana-ƙanana ya riƙa tsotsa. Idan ana ruwan sama yakan zauna bakin taga yana kallon yadda yake gangarowa a gilashi. Ya daina fito, ya daina kirana Sajan.

Hukuma ta zo ta kafa allo a bakin rijiya, da jan rubutu, cewa ruwan nan bai dace da sha ba. Na ɗauka ko ba komai an samu wannan. Ranar bikin Waliyyi, ƙarshen bazara, na biyo ta wurin na tarar da jama'a fiye da kowace shekara, motoci har bakin titi. Labari ya zaga ƙauyuka cewa ɗan Sabina, sunan Mami ke nan, ya kai bakin kabari, likitoci sun cire rai, uwarsa ta dawo da shi da ruwan rijiya. Wata mata da ban sani ba ta kama hannuna ta ce, "Ke ce yayar? Allah mai iko!" Suna durƙusawa suna ɗiba a kwalabe, wata har da jariri a kafaɗa. Na ɗaga murya na ce su karanta allon, na ce ƙanena ruwan nan ne ya kusa kashe shi. Wani dattijo ya ce, "Ai shanun ba sa nan yanzu, 'yata," wata kuma ta ce hukuma ai komai sai ta kafa masa allo. Rassan ƙayar sun cika, don haka masu zuwa daga baya a jikin sandar allon suke ɗaura tsummokaransu. A cikinsu na gane wani shuɗin ƙyalle mai ratsin fari. Daga rigar girkina aka yago shi.

Na iso gida na sami Mami a ɗakin girki tana yanka kabeji, Fintan na zaune a kujerar Baba kusa da murhu, bargo a gwiwa. Tun ranar tukunyar ba mu ƙara tayar da maganar ba, gaisuwa ce kawai da "miƙo gishiri". Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu, ta zo ta dafa kafaɗata. Ta rame ita ma, hannun ba nauyi.

"Na daɗe ina so in faɗa miki," ta ce. "Na yi ta addu'a har zuciyata ta sauko. Na yafe miki, Nuala."

"Kin yafe mini me?"

"Saura kaɗan maganin ya kammala. Da ba ki yi magana ba da ƙodar tana nan. Amma ba ki sani ba ne, fushi ne, kuma tun kina ƙarama haka bakinki yake. Waliyyi ma bai riƙe ki ba, tun da ya bar mana shi da rai."

Na dubi Fintan. Ya kawar da kai ya kalli murhu.

"Ke ma ƙoda ɗaya gare ki yanzu," Mami ta ci gaba, muryarta a tausashe. "Ina tunaninki. Kin sha hanya, ga zafi. Zauna."

Ta juya mini baya ta yi 'yan motse-motse wajen kabad, ta dawo da kofin gilashi, ruwa garau a ciki, ta ajiye a gabana. Butoci biyu na nan a kan kantar girki, jakarta kuma na rataye a jikin kujera, bakinta a buɗe. Ban ga daga inda ta zuba ba. Ta tsaya tana kallona da irin fuskar da Fintan ya ce ban taɓa gani ba, leɓunanta na motsi ba sauti.

Na ɗauki kofin na miƙe, na je na juye shi a wurin wanke-wanke. Ana jin ruwan yana bin bututu. Mami ta rufe fuska da hannu biyu.

Fintan ya bi kofin da ido tun daga tebur har ya zama fanko. Ya lashi busassun leɓunansa.

"Da ma ni kika ba," ya ce.